Dumama ɗaki ta ƙarƙashin daɓe a sababbin gidajen Birtaniya

Dumama ɗaki ta ƙarƙashin daɓe hanya ce ta ɗumama gida inda ake binne bututun ruwan zafi ko wayar lantarki a ƙasan ɗakin, zafi ya riƙa tasowa daga ƙasa maimakon ya fito daga radiyetar da aka maƙala a bango. Dabarar tsohuwa ce. Rumawa kan ɗora daɓen gidajen wankansu a kan gajerun ginshiƙai, iska mai zafi ta ratsa ƙarƙashi, mutanen Koriya kuma suna da ondol, wanda hayaƙin murhu ke bi ta ƙasan ɗaki kafin ya fita. Gadon ƙasar da ake hura wa wuta a ƙarƙashi don mai jego a ƙasar Hausa ma ɗan gidansu ne. A Birtaniya ta yau, kamfanonin da ke gina rukunin gidaje sukan sayar da gida da radiyeta, su sa dumama ta ƙarƙashin daɓe cikin jerin ƙarin abubuwan da mai saye zai biya daban in yana so.

Iri biyu

Na farko na ruwa ne. Ana shimfiɗa abin tare zafi a kan kankaren ƙasa don kada zafin ya zurare, a jera bututun roba mai kaurin kimanin milimita 16 a kai, a bar tazarar santimita 10 zuwa 20 tsakanin layi da layi, sannan a zuba siminti ya rufe shi. Duk bututun kan haɗu a wuri ɗaya, galibi cikin wani ɗan kabad a ƙarƙashin matakala, daga nan ake rarraba ruwa ɗaki-ɗaki. Na biyu na lantarki ne: siririyar tabarmar waya da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin tayil. Sanya ta ba wuya, ba kuma tsada, amma wuta take ci. Tabarmar da ke jan wat 150 a kowace murabba'in mita, in aka shimfiɗa ta a banɗaki mai murabba'in mita 4, wat 600 ke nan, wanda ba wani abu ba ne. A falo mai murabba'in mita 30 kuwa ta kai kilowat 4.5, a ƙasar da kuɗin lantarki ya ninka na gas kusan sau huɗu. Shi ya sa ba kasafai ake wuce banɗaki ko kicin da ita ba.

Abin da ke yanke farashi

Babu tsayayyen farashi. Na lantarki a banɗaki ɗaya maganar ɗaruruwan fam ce, na ruwa a duk hawan ƙasa maganar dubbai. Faɗin daɓe da yawan ɗakunan da kowanne zai samu nasa ma'aunin zafi su ne kan gaba wajen lissafi. Sai dai abin da ya fi su duka shi ne lokaci. Muddin ba a zuba simintin daɓe ba, aikin bai wuce jera bututu na kwana ɗaya ko biyu ba, tunda dama dokar gini ta wajabta abin tare zafin, simintin ma dole a zuba shi. Da zarar ya bushe an shiga gida, sai dai a fasa daɓe, ko a yanka masa hanyoyi da inji, ko a ɗora siraran faifai a kansa, wanda ke ɗaga ƙasan ɗaki har a koma rage ƙofofi. Saboda haka kamfanoni kan sa wa'adi: wanda ya kama gida bayan gini ya wuce wannan mataki ya makara, ko nawa zai biya.

Kamfanin ya san haka, kuma farashinsa yakan nuna ya sani. Mai saye ba shi da ikon kawo nasa ma'aikacin cikin filin gini, domin gidan bai zama nasa ba tukuna, don haka ba wanda zai taya masa da rahusa. Tambayar da ta dace a yi ita ce ko an cire kuɗin radiyetocin da ba za a ƙara sanyawa ba. Ana kuma yawan neman kuɗin irin waɗannan ƙare-ƙare tun kafin a gama gini, a waje da rancen sayen gida, kuma in ciniki ya rushe ba lallai a mayar da su ba. Mai ƙiyasta darajar gida na banki ma ba ya ƙara wa gida fam dubu biyar don an kashe fam dubu biyar a ƙarƙashin daɓensa. In kasuwa ta yi sanyi, wasu masu saye kan nemi a haɗa musu shi kyauta maimakon ragin farashi. Bankuna da yawa sukan lamunci irin wannan ihsani in bai wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin gidan ba.

Benen sama wani zance ne daban. A yawancin gidajen Birtaniya katako ne ba kankare ba, sai an sa farantan alminiyam masu baza zafi tsakanin katakan, aiki ya ƙaru. Mafi yawa kan tsaya a hawan ƙasa, su bar radiyeta a ɗakunan kwana.

Kuɗin amfani

Radiyeta ta gargajiya na son ruwa mai zafin digiri 60 zuwa 75 a ma'aunin Selshiyas. Daɓe kuwa, saboda faɗinsa, digiri 35 zuwa 45 ya ishe shi, kuma ƙa'idar Turai ta ce kada samansa ya wuce digiri 29 a ɗakunan zama. Da tukunyar ɗumama ruwa mai aiki da gas, rarar da ake samu ba ta da yawa, balle a sabon gida da dama ba ya zubar da zafi. Wanda ya saye shi don ya mayar da kuɗinsa daga takardar gas zai daɗe yana jira. Inda yake da ƙima sosai shi ne tare da na'urar da ke jawo zafi daga iskar waje, wadda aikinta ke ƙara kyau gwargwadon ƙarancin zafin ruwan da aka nema daga gare ta. Can dokar Ingila ta nufa: tun Yunin 2022, Sashe na L na dokokin gini ya ce a tsara sabbin hanyoyin dumama na ruwa yadda za su wadatar da ruwan da bai wuce digiri 55 ba.

Yana da halinsa. Siminti mai kaurin santimita 6 ko 7 kan ɗauki sa'o'i kafin ya ɗumi, don haka ba a kunna shi a kashe kamar radiyeta, barinsa ake yi a ƙasa-ƙasa. Tayil da dutse sun fi kowa miƙa zafi, kafet mai kauri kuma danne shi yake yi. Sabon siminti na bushewa ne kimanin milimita ɗaya a rana, kuma kunnawar farko a hankali ake ƙara zafinta, in ba haka ba daɓe ya tsage.

Garantin NHBC, ƙungiyar da ke ba sababbin gidaje garanti a Birtaniya, shekara 10 ne, amma shekara biyun farko ne kawai magini ke ɗaukar gyaran irin wannan lahani. Sauran takwas ɗin galibi na manyan matsalolin ginin kansa ne. Ana shawartar mai saye ya karɓi zanen inda bututun suka bi da shaidar cewa an gwada su da matsin ruwa kafin a rufe su, domin ƙusa ɗaya da aka buga a makance tana iya jawo fasa daɓe.