Yaya ƙashi ke komawa dutse?

Me ake nufi da burbushin halittu?

Ragowar dabba ko tsiro ne, ko alamar da suka bari, da ta daɗe cikin ƙasa shekaru dubbai ko miliyoyi.

Ai mushe ruɓewa yake yi. Ta yaya wani ke tsira?

Shi ya sa burbushi ke da wuyar samu. Akuya ta mutu a daji, kafin kwana biyu ungulu da kura sun gama da ita, rana da ruwa su ƙarasa ƙasusuwan. Wanda ke tsira shi ne wanda laka ko yashi ya binne da wuri, galibi a ƙasan kogi, tafki ko teku, inda iska ba ta kai wa. Nama ya tafi, ƙashi da haƙori su rage. Laka ta yi ta taruwa a kai har ta daskare. Ruwan da ke ratsa ƙasa yana ɗauke da ma'adinai, su ne ke cike ƙananan ƙofofin ƙashin sannu a hankali. In ka ɗauka, nauyin dutse za ka ji, amma siffar ƙashi na nan daram.

Duk iri ɗaya ne?

A'a. Akwai na jiki: ƙashi, haƙori, ɓawon dodon koɗi, itacen da ya zama dutse. Wani lokaci ɓawon ya narke, ya bar gurbinsa kamar hatimi. Ƙaron bishiya kan kama ƙwaro ya daskare da shi, ƙanƙarar Siberiya kuma ta adana giwaye masu gashi har da fatarsu. Wanda ya fi burge ni shi ne sawun ƙafa da kashin dabba, domin su ke nuna yadda ta yi tafiya da abin da ta ci.

Akwai su a yankinmu?

Ƙwarai kuwa. A da, teku ya taɓa shimfiɗuwa a ƙasar Sakkwato. Daga Goronyo aka samo sunan Goronyosaurus, wani ƙaton ƙadangaren teku, kuma dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi cike yake da ragowar halittun ruwa. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere a jihar Agadas, an tono Nigersaurus, wani ƙaton dinosaur (dabbar zamanin da) mai haƙora fiye da 500, wanda ya rayu shekaru miliyan 110 da suka wuce, lokacin da koguna ke gudana a wurin. Wanda ya je Yamai zai ga irin waɗannan ƙasusuwa a gidan tarihi na Boubou Hama.