Lambar fifiko ta hanyoyin sake kunna na'ura a kanel ɗin Linux

A kanel ɗin Linux, wato cibiyar manhajar da ke tafiyar da na'ura, hanyar sake kunnawa wani ɗan aiki ne da direba, wato manhajar da ke sarrafa wani ɓangare na na'ura, ke yi wa rajista domin a kira shi idan an ba da umarnin na'ura ta mutu ta sake tashi. Allon na'ura guda yakan samu hanyoyi fiye da ɗaya: agogon gadi (ma'aunin lokaci da ke sake kunna na'ura idan ta maƙale), cif mai sarrafa wuta, ƙafar GPIO (ƙafar cif da manhaja ke kunnawa ko kashewa) da aka haɗa da layin sake kunnawa, ko manhajar da ke dashe a allon. Lambar fifiko ce ke tantance wadda za a fara gwadawa.

Kafin 2014, na'urori masu cif samfurin ARM sun dogara ne da manuni guda, wato gurbin da ke nuna aikin da za a kira, mai suna arm_pm_restart, kuma duk direban da ya zo daga baya yakan ture na gabansa. Guenter Roeck ya kawo register_restart_handler, wanda ya shiga Linux 3.18 a ƙarshen wannan shekarar. Hanyoyin da aka yi wa rajista suna jeruwa daga babbar lamba zuwa ƙarama, sai aikin kanel mai suna do_kernel_restart ya riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya har na'ura ta tashi. Idan duk suka gaza, ARM kan buga saƙon gazawa ya tsaya cik.

Bayanin da ke cikin kanel ya ba da ma'auni uku tsakanin 0 da 255. Lamba 0 ta hanyar da sai an rasa wata ake komawa gare ta ce, domin ƙarfinta kaɗan ne. Lamba 128 ita ce ta yau da kullum, ga hanyar da ke iya tayar da na'urar baki ɗaya ko wadda ba a sa ran tana da abokiyar takara. Lamba 255 kuwa tana shiga gaban kowa. Direbobin agogon gadi suna bin wannan ma'aunin ta watchdog_set_restart_priority.

Abin da ya kamata lambar ta nuna shi ne iyakar abin da hanyar ke tayarwa. Agogon gadin da ke cikin cif sau da yawa cif ɗin kaɗai yake tayarwa, ya bar ma'adanar bayanai da sauran kayan allon a halin da suke, har wani lokaci na'urar ta kasa tashi. Cif mai sarrafa wuta da ke yanke wutar allon ya maido ta ya fi cancantar babbar lamba. Matsalar ita ce mai rubuta direba bai san kowane allon da za a ɗora cif ɗinsa a kai ba, shi ya sa direban gpio-restart ya bari a rubuta lambar a bishiyar bayanin na'ura, wato fayil ɗin da ke bayyana wa kanel kayan da ke kan allon, inda mai haɗa allon zai yanke hukunci da kansa. Ɗaukar 255 ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba kuskure ne, domin yana toshe wa allon da ke da hanya mafi inganci damar shiga gaba.

Kunnen doki shi ne ya fi wahalar ganowa. Idan hanyoyi biyu suka ɗauki lamba ɗaya, wadda ta riga yin rajista ce ke gaba, kuma jerin lodin direbobi na iya canzawa daga wannan kanel zuwa wancan. Don haka ake ganin lambobin da suka ɗan gota ma'auni: direban PSCI, hanyar da kanel ke neman manhajar allon ARM ta sarrafa wuta, na amfani da 129 don ya wuce masu 128, direban syscon-reboot kuma 192.

Ana kiran hanyoyin ne bayan an tsayar da sauran ƙwaƙwalen sarrafawa, a yanayin da ba a yarda aiki ya yi barci ba, wato ya miƙa wa wani aiki dama yana jira. Cif ɗin da ke kan layin I2C, layin sadarwa tsakanin cif da cif, sai direban layin ya iya aika saƙo a wannan yanayi. Haka kuma dole hanya ta ɗan dakata bayan ta ba da umarni, in ba haka ba ta ƙasa da ita za ta riga ta aiki.

Linux 5.19 na 2022 ya ƙara register_sys_off_handler na Dmitry Osipenko, wanda ya haɗa kashewa da sake kunnawa. A nan lambar yau da kullum 0 ce, ta ƙasa -128, ta sama 192, ta manhajar allo 224. Mai mayar da tsohon direba zuwa sabon tsarin sai ya lura, domin 0 ɗin nan tana ƙasa da duk masu 128 da ke jeri ɗaya da ita.