Ɗaukar likitoci da biyansu da riƙe su a asibitocin gwamnati a Najeriya

Maganar likitocin asibiti a Najeriya abu uku ne suka sarƙe da juna, yadda ake ɗaukar likita aiki, abin da ake biyan shi, da kuma abin da ke sa shi ya zauna ko ya tattara nasa-ya-nasa ya yi gaba. A watan Maris na 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ce likitoci masu lasisi da suka rage a ƙasar kusan 55,000 ne, kuma tsakanin 15,000 zuwa 16,000 sun fice a cikin shekara biyar da suka gabata. Idan aka raba wannan adadi kan jama'ar da ta haura miliyan 200 to likita ɗaya zai tashi da mutum wajen 4,000, amma wannan lissafin takarda ne kawai, domin likitocin ba a rarrabe suke daidai ba. Legas da Abuja kaɗai sun kwashe kaso mai tsoka, a yayin da akwai ƙananan hukumomi a arewa maso yamma da arewa maso gabas da babban asibitinsu likita ɗaya ko biyu ne ke riƙe da shi.

Yadda mutum ke zama likitan asibiti

Karatun likita a jami'a shekara shida ne in babu yajin aikin malamai, daga nan sai hukumar MDCN mai kula da aikin likitanci ta ba mutum lasisin wucin gadi ya je ya yi aikin sanin makama na shekara ɗaya a ƙarƙashin manya, yana zagaya sashen yara da na mata da haihuwa da na tiyata da na cutukan manya. Sai bautar ƙasa shekara ɗaya. Bayan nan hanya ta rabu biyu, wani zai tsaya a matsayin likita na gama-gari a asibitin jiha ko na kuɗi, wani kuma zai shiga horon ƙwarewa a asibitin koyarwa irin su na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, ko Malam Aminu Kano, ko na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Maiduguri, ko UCH ta Ibadan wadda ita ce uwarsu tun 1957. Wannan horon yana cin shekara biyar zuwa shida, wani lokacin ma fiye, da jarabawa hawa uku a ƙarƙashin kwalejin ƙasa ta horon manyan likitoci da ke Ijanikin a Legas ko kwalejojin Afirka ta Yamma na likitoci da na masu tiyata. Wato kafin a samu kwansaltan guda ɗaya, babban likitan da ya kammala horon ƙwarewa, an yi shekara goma sha uku ko sha huɗu ana ɗawainiya da shi.

Su waɗannan da ke cikin horon, da ake ce musu likitoci masu neman ƙwarewa, su ne ƙashin bayan asibitin koyarwa. Su ne ke kwana a sashen gaggawa, su ake tasa da ƙarfe biyun dare idan haihuwa ta zo da gardama, shi ya sa duk ranar da ƙungiyarsu ta NARD ta shiga yajin aiki sai ka ga an fara sallamar marasa lafiya daga gado.

Ɗaukar aiki

Abin mamakin shi ne ƙasar da take kukan rashin likitoci ita ce kuma take da sabbin likitoci zaune a gida wata da watanni suna neman gurbin aikin sanin makama. Guraben ba su kai yawan masu fitowa ba, kuma an daɗe ana kokawa kan cewa sai mai uwa a gindin murhu ke samu da wuri. A 2021 MDCN ta karɓi rabon guraben na asibitocin tarayya ta mayar da shi ta intanet, abin ya rage son kai amma farkonsa ya zo da rikicin albashi, wasu suka yi watanni suna aiki ba a biya su ba, yana ma cikin dalilan yajin aikin watan Afrilu na wannan shekarar.

A asibitocin tarayya shugaban asibiti ba ya da ikon ya wayi gari ya ɗauki likita don wani ya ajiye aiki. Sai ya nemi izini daga gwamnatin tarayya a Abuja, a duba kasafi, hukumar raba daidai ta sa hannu, sannan a sa sunan mutum a tsarin biyan albashi na IPPIS, kafin duk wannan ya kammala wasu sun ƙara tafiya, wani lokacin ma wanda aka ba takardar ɗaukar aikin shi kansa ya riga ya samu biza. Dalilin kenan da NARD ta nace kan tsarin ɗaya ya fita ɗaya ya shigo, wato a bar asibiti ya cike gurbin duk wanda ya tafi nan take ba tare da zarya zuwa Abuja ba. Kafin a samu izini asibitoci da yawa suna toshe ɓarakar ne da likitocin wucin gadi da suke biya daga kuɗin shigarsu, babu fansho babu ƙarin girma.

Albashi da alawus

Tun 2009 likitocin gwamnatin tarayya suna kan tsarin albashinsu na daban mai suna CONMESS, su kuma nas-nas da masu haɗa magani da ma'aikatan ɗakin gwaji suna kan CONHESS. Wannan rabuwar ita kanta tushen rigima ce da ba ta ƙarewa, duk lokacin da aka taɓa na likitoci sai gamayyar ƙungiyoyin sauran ma'aikatan lafiya ta JOHESU ta ce a taɓa nata, in an ƙara wa su kuma sai likitoci su ce a kiyaye tazarar da ke tsakani.

Babban misalin yadda aka bar biyan likita a baya shi ne alawus ɗin kasada. Shekara da shekaru naira 5,000 ne a wata, haka aka shiga annobar Ebola ta 2014 wadda ta yi ajalin Dakta Stella Adadevoh a Legas, haka ake fama da zazzaɓin Lassa da ke kashe ma'aikatan lafiya kusan duk shekara, haka korona ta zo ta tarar. Sai a ƙarshen 2021 aka ɗaga shi zuwa tsakanin naira 32,000 da 40,000 ga likitoci. Akwai kuma kuɗin horo da dokar horon ƙwarewa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2018, ta tanada domin likita ya biya kuɗin jarabawa da kwasa-kwasai, shi ma jinkirin sakinsa kusan kullum yana cikin jerin ƙorafin NARD.

A 2023 ƙungiyar ta nemi a ninka albashi da kashi 200 cikin 100, gwamnati ta ba da ƙarin kashi 25, da 35 ga na matakin ƙoli. Sai dai ƙarin ya zo daidai lokacin da aka cire tallafin fetur aka kuma saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100. To gaskiyar magana ƙarin bai kai hannu ba ya narke, kuma kuɗin jarabawar fita waje da dala da fam ake biyan shi, albashin can ma da su ake biya, don haka duk faɗuwar da naira ta yi ƙara wa tafiya kwarjini take yi.

Abin da ba a cika faɗa ba, kuma ya fi shafar arewa, shi ne CONMESS na tarayya ne, kowace jiha ita ke yanke abin da za ta biya nata likitocin. Wasu jihohin na bin tsarin gaba ɗaya, wasu kashi kawai suke biya, wasu kuma suna nan kan tsohon jadawali shekaru bayan an sabunta na tarayya. Sai ka samu abokai biyu da suka gama aji ɗaya, gari ɗaya suke aiki, ɗaya a asibitin jiha ɗaya a cibiyar lafiya ta tarayya, amma abin da ke shiga asusunsu a ƙarshen wata da nisa tsakani. Saboda haka ficewar hawa-hawa ce, daga asibitin ƙaramar hukuma zuwa babban birnin jiha, daga jiha zuwa tarayya ko ƙungiyoyin agaji masu biya da kyau, daga nan sai filin jirgi. Mutumin ƙauye shi ke fara rasa likitansa tun kafin wani ya tsallaka teku.

Yanayin aiki

Ba kuɗi kaɗai ba ne. A babban asibitin ƙaramar hukuma tun bayan sallar asuba mata sun jera katinsu a kan benci, ga goyo ga waɗanda aka kawo daga ƙauye a a-kori-kura, likita ɗaya ne zai zagaya ɗakunan kwanciya, ya dawo ya zauna ganin masu layi, ana cikin haka a kira shi tiyata don wata ta kwana biyu tana naƙuda, kafin ya shiga sai an tura miji ya nemo jini da safar hannu da ruwan ƙari a kemis ɗin bakin ƙofa, wani zubin har da man janareta. Ya fito layin na nan yana jiran shi, kuma shi ne mai aikin kwana a daren. Duk likitan da ya tafi aikinsa kan na baya yake komawa, su ma gajiya ta ishe su su fara neman hanyar fita.

Ga rashin tsaro. A watan Disamba na 2023 an sace wata likita daga gidajen ma'aikatan Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ta yi wata goma a hannun masu garkuwa, har NARD ta yi yajin gargaɗi na mako ɗaya a Agustan 2024 a kanta. A Zamfara da Katsina da sassan Sakkwato da Neja tura likita wasu ƙananan hukumomin ya zama abu mai wuyar gaske, kuma ba wanda zai ga laifin wanda ya ƙi zuwa. Sannan akwai dukan da 'yan uwan marar lafiya ke yi wa ma'aikata idan rai ya yi halinsa.

Yajin aiki

A 2014 ƙungiyar likitoci ta ƙasa NMA ta tafi yajin aiki daga 1 ga Yuli, a watan Agusta gwamnatin Jonathan ta dakatar da horon ƙwarewa ta sallami likitoci kusan 16,000, daga baya ta janye. A 2021 NARD ta fara wani ranar 2 ga Agusta bai ƙare ba sai farkon Oktoba, gwamnati ta kai su kotun ma'aikata ta kuma yi amfani da dokar ba aiki ba biya. Kusan kowane yajin da yarjejeniya yake ƙarewa, na gaba kuma kan rashin cika waccan yarjejeniyar yake tashi.

Inda suke tafiya

Birtaniya ce kan gaba, likitocin da suka yi karatu a Najeriya da ke rajistar hukumar likitocin can sun haura 10,000. Hanyar sananniya ce, jarabawar Turanci, sai jarabawar PLAB ta samun izinin aikin likita a can, kashi na farko da ake iya rubutawa a nan gida, kashi na biyu a Manchester. Akwai Amurka da Kanada da Ostareliya, sai Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa waɗanda suka fi jan manyan ƙwararru, musamman 'yan arewa saboda addini da kusanci da Harami da sauƙin tafiya da iyali. A Agustan 2021, ana tsakiyar yajin aiki, masu ɗaukar ma'aikata na Saudiyya suka zo Legas da Abuja likitoci suka yi musu dafifi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Najeriya cikin ƙasashe 55 da ta lissafa a 2023 waɗanda bai kamata a je ana farautar ma'aikatan lafiyarsu ba, amma wannan bai hana likita ya nemi aiki da kansa ba.

Matakan da aka gwada

A 2019 ministan ƙwadago Chris Ngige, wanda shi ma likita ne, ya ce Najeriya na da rarar likitoci don haka tafiyarsu ba abin damuwa ba ce, maganar da ta jawo masa suka sosai. A 2023 ɗan majalisar wakilai Ganiyu Johnson daga Legas ya kawo ƙudirin hana likita cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara biyar a gida, ya tsallake karatu na biyu amma ƙungiyoyin likitoci suka yi masa ca, bai zama doka ba. A Agustan 2024 Shugaba Tinubu ya amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, wadda ta karkata ga lallashi da jawo na waje su dawo maimakon tilas, an kuma faɗaɗa guraben ɗaliban fannonin lafiya daga 28,000 zuwa 64,000. Ƙarin ɗalibai abu ne mai kyau, amma kwansaltan ɗin da za su koyar da su a gefen gado su ne Saudiyya ke ɗauka, kuma sashen da ya rasa manyansa yana iya rasa izinin horarwa gaba ɗaya. Kuɗi ma na nan, alƙawarin da ƙasashen Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001 shi ne a ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, na tarayya yawanci wajen kashi 4 zuwa 6 yake tsayawa.

Jihohin arewa sun fi dogara da ɗaukar nauyin karatu da sharaɗi, jiha ta biya wa ɗalibi kuɗin makaranta ko ta sa shi a albashi tun yana aji, shi kuma ya sa hannu zai yi mata aiki na wasu shekaru. Kano da Jigawa sun tura ɗalibai ƙasashen waje karatun likita, da yawansu mata, domin mata da dama a yankin sun fi sakewa da likita mace musamman a ɗakin haihuwa. Sudan na cikin inda aka fi turawa, har yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sa aka kwaso ɗaliban, aka shiga nema musu gurbi a jami'o'in gida da na wasu ƙasashen domin su ƙarasa. Tsarin yana samar da likitoci na shekarun sharaɗin, amma inda albashin jihar ke ƙasa da na tarayya da yawa suna tafiya da zarar wa'adin ya cika, wasu ma biyan jihar kuɗinta suke yi su karɓi takardar sallama tun kafin lokaci.