Lantarkin gogayya da sauya kayan cikin kwamfuta

Lantarkin gogayya caji ne da ke taruwa a jikin mutum ko wani abu idan abubuwa biyu suka gogi juna sannan suka rabu. Shi ne ɗan tartsatsin da ake gani cikin duhu in an ja bargo, kuma shi ne abin da kan fizgi yatsa in an kama ƙofar mota. Girkawan dā sun lura da shi a jikin daskararren ƙaron itace da suke kira elektron, inda sunan lantarki ya samo asali.

Ga mutum ba wata illa. Ga kayan cikin kwamfuta kuwa, irin su ram (ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi), farosesa (ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki) da mazabod (babban faifan da ake haɗa sauran kayan a jikinsa), babbar barazana ce. Jiki ba ya jin wannan fizga sai ta kai kimanin bolt 3,000 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin lantarki), alhali wasu kayan ƙasa da bolt 100 ya isa ya ƙona hanyoyin da ke cikinsu, waɗanda sun fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba. Ke nan mai gyara zai iya kashe ram da ɗan yatsansa bai ji komai ba, bai ga komai ba.

Ɓarnar iri biyu ce. Akwai wadda kayan ke mutuwa nan take, a kunna kwamfuta allo ya ƙi kawowa. Ta biyun ta fi wuyar sha'ani: kayan ya ji rauni amma ya ci gaba da aiki, sai bayan makonni na'urar ta fara daskarewa ko kashe kanta. A nan sai a ɗora laifin kan wutar Nepa ko a ce jabun kaya aka saka, alhali tun ranar da aka buɗe ta aka yi aika-aikar.

Hunturu

Yawan cajin ya danganta da laimar iska. Da damina danshi kan kwashe shi sannu a hankali kafin ya taru. A Kaduna kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan busar da komai, lokacin da leɓe ke tsagewa, kuma a lokacin ne ake sa rigunan sanyi na roba da ulu, waɗanda suka fi kowane tufa tara caji. Tafiya a kan kafet cikin busasshiyar iska na iya tara wa mutum har bolt 35,000, amma a iska mai laima bai fi 1,500 ba. Ƙurar hunturu ma tana toshe fanka, ga shi kuma ba a zuƙe ta da injin shara domin bakinsa na roba yana tara caji. Iskar hurawa ta gwangwani ko ƴar famfon hannu ta fi.

Yadda ake aikin

Kashe kwamfuta kawai bai wadatar ba, domin ta tebur tana ci gaba da ba mazabod bolt 5 muddin wayarta na jikin soket. Ana zare wayar, a danna maɓallin kunnawa na ƴan daƙiƙoƙi don ragowar wutar ta fita. In laftof ce, a cire caja, a kuma raba batir da mazabod kafin a taɓa komai.

Masu gyara na ɗaura wani madauri a wuyan hannu, mai waya da ake maƙalawa a ƙarfen akwatin kwamfutar inda babu fenti. A cikin wayar akwai rizisto, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai ƙarfin megohm 1, wanda ke sa cajin ya zirare a hankali, ya kuma kare mai aikin in ya taɓa wuta. Saboda haka naɗa wayar tagulla zalla a hannu ba madadinsa ba ne, ganganci ne. Wanda ba shi da madaurin sai ya riƙa taɓa ƙarfen akwatin akai-akai, musamman duk lokacin da ya tashi ya dawo. Teburin katako ya fi katifa ko darduma, rigar auduga kuma ta fi ta roba.

Ram da katuna ana riƙe su ta gefe, ba a taɓa haƙoran nan masu ruwan zinariya. Sabon kaya yana zama cikin ledarsa mai ruwan toka mai sheƙi har sai an zo sakawa, domin an yi ta ne don ta tare caji. Baƙar ledar kasuwa akasin haka take yi, kuma abin takaici a cikinta ake yawan ƙunso wa mutane ram na hannu.

Ba a tilasta kaya shiga. Ram iri-iri ne: na DDR3 na kwamfutar tebur yana da haƙora 240, na DDR4 yana da 288, kuma tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, don haka wanda ya ƙi zama to ba gidansa ba ne. In an ɗaga abin sanyaya farosesa, sai a goge tsohon man da ke tsakaninsu a sa sabo kamar ƙwayar wake. Ƙaramin akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta kuwa ba a buɗe shi, domin kafasitocinsa, wato abubuwan da ke adana caji, kan riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare waya. In ya lalace, sauya shi ake yi gaba ɗaya.