Waiwaye: daga ina aka faro matse hoto a intanet

Ƴan uwanmu masu saida shadda da atamfa a Agege da Idi-Araba yanzu kowa so yake ya buɗe shafinsa, sai a ɗauki hoto da waya a ɗora shi yadda yake, guda ɗaya mega 4 ko 5, kwastoma ya danna ya ga abu na ta juyawa ya kama gabansa. To matsalar nan fa tsohuwa ce.

A 1987 kamfanin CompuServe na Amurka ya fito da GIF, wani tsarin matse hoto, lokacin ta layin tarho ake shiga, kala 256 kacal yake ɗauka shi yasa fuskar mutum ke fitowa dabbare-dabbare. JPEG ne ya zo a 1992 ya gyara lamarin, dabararsa kuwa idon ɗan Adam ya fi lura da haske akan kala, sai ya yanyanka hoton, ɗigo 8 tsaye 8 kwance, ya zubar da abinda ido ba zai kama ba, kuma abinda ya zubar ya tafi kenan, shi yasa in aka yi ta sake matse hoto ɗaya yake dusashewa har zanen shaddar ya ɓace.

Ƙarshen 1994 kamfanin Unisys ya ce sai an biya shi kuɗin lasisin dabarar da ke cikin GIF, masana suka fusata suka haɗa PNG kyauta. Shi baya zubar da komai, ya dace da tambarin shago, amma ga hoton kaya nauyi gare shi wallahi.

Mu nan Legas wanda ya yi zamanin kafe ya san yadda hoto ke sauka layi-layi awarka na ƙarewa, daga baya manhajar buɗe shafi ta Opera Mini ta ceci jama'a don tun a sabarta take matse shafi kafin ya iso waya. A 2010 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 suka fara aiki, shekarar ce kuma Google ya kawo WebP, sabon tsarin matse hoto, duk da sai 2020 Safari, manhajar buɗe shafi ta Apple, ta karɓe shi, wani tsarin kuma mai suna AVIF ya fito a 2019.

Intanet ta yi sauri amma kyamarar waya ma ta ƙara nauyi, ga hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a 2025. Ni a ganina kafin ma a yi maganar WebP a fara rage faɗin hoton, ɗigo 4000 ba shi da aiki a fuskar wayar kwastoma, 1200 ya isa.