Wa ke ba tagar taminal lambarta a Linux?

Buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, a Linux ka rubuta tty, za ka ga amsa irin /dev/pts/3. Ba xterm ko GNOME Terminal, manhajojin da ke nuna tagar, ba ne ya zaɓi wannan ukun. Kanel, wato zuciyar tsarin, shi ke rabon, bisa ƙa'idar da ake kira Unix98.

Duk manhajar da ke son taminal ƙofa ɗaya take ƙwanƙwasawa, /dev/ptmx. Tana buɗewa kanel zai ƙaga mata na'ura mai baki biyu, wadda babu ita a zahiri. Baki ɗaya na hannun manhajar, ɗayan ya bayyana a cikin /dev/pts, nan bash, manhajar da ke aiwatar da umarni, ke karɓar abin da ka rubuta. Manhajar da ta buɗe ƙofar ba ta ma san sunan bakin da ke /dev/pts ba sai ta tambaya ta hanyar wani kira mai suna ptsname.

Lambar kuwa, mafi ƙanƙanta da babu kowa a kanta ake bayarwa, daga sifili. Ka ce kana da tagogi 0, 1 da 2, sai ka rufe ta tsakiya. Sabuwar da za ka buɗe 1 za ta samu, ba 3 ba, kamar kujerar motar haya da fasinja ya sauka wani ya zauna. Mai shigowa daga wata kwamfuta ta SSH da kowane ɓangaren tmux, manhajar da ke raba taga ɗaya gida-gida, duk daga rabo ɗaya suke ɗiba. Shi ya sa rubuta /dev/pts/2 a cikin shirin kwamfuta don aika saƙo zuwa tagarka ganganci ne. Gobe lambar tana hannun wani, wanda shi kanel ya mallaka wa ita, ba kai ba.

A tsohon tsarin BSD, wanda ake bi kafin Unix98, sunayen a jere suke tun farko: /dev/ptyp0 da abokinsa /dev/ttyp0, haka har 256 a Linux. Manhaja ce ke bi ɗaya bayan ɗaya tana laluben wanda ba a kama ba, aikin wahala, kuma babbar kwamfuta mai jama'a takan cinye su. Yanzu iyakar tana cikin /proc/sys/kernel/pty/max, yawanci 4096, mai kula da kwamfuta kuma na iya ɗaga ta.

Kwantenar Docker, wato keɓaɓɓen wurin da manhaja ke gudana a cikin kwamfuta, tana da nata /dev/pts daban, don haka ƙidayarta daga 0 take farawa ko da tagogi goma ne a buɗe a waje.