Duba nama a mayanka a Jihar Zamfara

Duba nama shi ne binciken da likitan dabbobi ko malamin dabbobi ke yi wa dabba kafin a yanka ta da kuma bayan an feɗe ta, domin a tabbatar naman ya dace da ci. Ana yin sa a mayanka, wadda mahauta suka fi kira kwata, a Gusau da garuruwan kasuwa irin su Talata Mafara, Ƙauran Namoda da Shinkafi.

Hukuma uku ke da hannu a ciki. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina mayanku da kula da su. Jiha ce ke tura ma'aikatan duba nama. Gwamnatin tarayya kuwa tana riƙe da dokar yaƙi da cututtukan dabbobi, kuma a 2024 ta kafa ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwo. Amma kafin duk waɗannan akwai Sarkin Fawa, wanda maganarsa ke da nauyi a kwata har gobe.

Tun da asuba ake farawa. Mai dubawa kan kalli saniya a tsaye: tafiyarta, numfashinta, ko tana dalalar da miyau, ko tana da ciki. Bayan yanka sai ya bi kayan ciki da wuƙa. Yakan tsaga huhu ya nemi ƙulle-ƙullen tarin fuka, ya yanka hanta ya ga ko tsutsa mai faɗi kamar ganye ta cika hanyoyin matsarmama, ya duba zuciya da harshe ko akwai ƙwayayen tsutsa farare masu kama da shinkafa. Idan cutar ta tsaya a gaɓa ɗaya, ita kaɗai ake cirewa. Idan ta game jiki, dabbar gaba ɗaya ake ƙwacewa a binne ko a ƙone.

Ciwon saifa daban yake. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci da dubura bai daskarewa, ba a feɗe ta ko kaɗan, domin ƙwayar cutar na kama mutum, tana kuma yin shekaru a cikin ƙasa. A Janairun 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da ɓullarsa a wata gona a Zamfara.

Inda gizo ke saƙar shi ne asara. Mahauci yakan ɗauko bijimi bashi daga hannun dillali, sai ya sayar ya biya. In aka ƙwace naman ba diyya, jarinsa ya karye. Shi ya sa wasu ke kai dabba mai ciwo bayan gida su yanka, inda idon likita ba ya kaiwa. Ga kuma ƙarancin ruwa da na ma'aikata, ga yankan suna da na layya da ake yi a gidaje ba tare da wani ya duba ba.